Mako 12 a Kamfanin Inshorar Tsofaffi



Yau Amurka za mu nufa. Maganar ɗalibai ce da tsofaffi, da wani irin ofishi da ke haɗa su ba tare da sun ga juna ba.

A can, da zarar jami'o'i sun tafi dogon hutun bazara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa Agusta, dubban ɗalibai kan bazu cikin kamfanoni don sanin makamar aiki. Ɗalibanmu na Najeriya sun san irinsa, shi ne abin da suke kira IT, ƙarƙashin shirin SIWES da aka faro a 1973. Sai dai a Amurka ɗalibi ne ke fita neman gurbi da kansa, tun watannin Satumba da Oktoba na shekarar da ta gabata, a yi masa tambayoyi kamar mai neman aikin dindindin. Yawanci mako 10 zuwa 12 ake yi. Manyan kamfanoni suna biyan albashi, kuma wanda ya taka rawar gani sau da yawa yakan koma makaranta da alkawarin aiki a hannu, tun bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba. Cikin wuraren da ɗalibai ke rububin shiga har da kamfanonin inshorar lafiya, musamman waɗanda abokan hulɗarsu tsofaffi ne.

Kafin mu shiga ofishin, ya kamata mu san inda kuɗinsa ke fitowa.

Ranar 30 ga Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa Medicare, shirin gwamnatin tarayya mai biya wa duk wanda ya kai shekara 65 kuɗin asibiti da na likita. A garin Independence na jihar Missouri aka yi bikin, kuma tsohon shugaban ƙasa Harry Truman, wanda ya nemi kafa inshorar lafiya ta ƙasa a zamaninsa bai yi nasara ba, shi aka miƙa wa kati na farko. Daga baya aka shigar da masu buƙata ta musamman da masu ciwon ƙoda mai tsanani. A yau mutane sama da miliyan 65 ke cikin shirin. Asalinsa gwamnati ce ke biyan asibiti kai tsaye. Amma sannu a hankali aka buɗe wata ƙofa: tsoho na iya zaɓar wani kamfani mai zaman kansa ya riƙe masa lamarin lafiyarsa, gwamnati ta riƙa biyan kamfanin. Tun daga dokar 2003 ake kiran wannan tsari Medicare Advantage, kuma daga 2023 zuwa yau fiye da rabin waɗanda suka cancanta ta wannan ƙofa suke bi.

Kamfanoni biyu, UnitedHealthcare da Humana, su ke riƙe da kusan rabin wannan kasuwa. Na Humana zan fi tsayawa a kai, don babu babban kamfanin da ya jingina rayuwarsa ga tsofaffi kamarsa. A birnin Louisville na jihar Kentucky wasu lauyoyi biyu, David Jones da Wendell Cherry, suka kafa shi a 1961, kuma da gidan kula da tsofaffi suka fara. Daga nan suka koma gina asibitoci, suka ɗauki sunan Humana a 1974, suka shiga inshora a shekarun 1980, suka rabu da asibitocin a 1993. A 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai daina sayar wa kamfanoni inshorar ma'aikatansu, ya mai da hankali kan shirye-shiryen gwamnati. Yanzu mutane sama da miliyan 5 ke cikin Medicare Advantage ta hannunsa, kuma yana da nasa ƙananan asibitoci na tsofaffi, da sashen magunguna, da ma'aikatan jinya masu bin gida-gida, duk ƙarƙashin sunan CenterWell.

To yaya kamfani irin wannan ke cin riba? Gwamnati kan ba shi wani adadin kuɗi kowane wata a kan kowane tsoho, ko ya je asibiti ko bai je ba. Idan tsohon na da ciwon suga, ko na zuciya, ko na ƙoda, kuma an rubuta hakan a takardunsa, kuɗin na ƙaruwa. Kamar a ce an damƙa maka kuɗin cefanen wata guda ka ciyar da baƙo, abin da ya rage naka ne. Mutumin kirki zai kula da lafiyar baƙon, ya yi tattali, ya samu rararsa ta halal. Wanda kuwa kwaɗayi ya rinjaya zai fara rage tuwo. Gwamnati ta san haka, shi ya sa doka ta ce aƙalla kashi 85 cikin 100 na kuɗin dole a kashe su kan jinya da inganta ta. Amma tsakanin abin da doka ta ƙayyade da abin da ke faruwa a kan tebur akwai fili mai faɗi, kuma cikin wannan fili ake ajiye yaro ɗan shekara 20 ko 21 na tsawon mako 12.

Lokacin da yake isowa ma abin lura ne. A Litinin ɗin farko ta watan Yuni kamfanoni ke miƙa wa gwamnati lissafin tsare-tsarensu na shekara mai zuwa: nawa tsoho zai biya idan ya ga likita, wane magani ke cikin jerin da ake biya, a wace gunduma za a ci gaba da aiki, wacce za a bari. Watannin bazara kuma na shirin kakar cin kasuwa ne. Kafin ƙarshen Satumba dole kowane tsoho ya samu wasiƙar da ke shaida masa abin da zai sauya a tsarinsa, sannan daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba a buɗe ƙofa, wanda ya ga dama ya zauna, wanda ya ga dama ya koma wani kamfani. Wato ɗan koyon aiki kan sauka ne daidai lokacin da ake tsara wasiƙu, ana gyara shafukan intanet, ana horar da masu amsa waya.

Aikin da ake ba su iri-iri ne. Ɗalibin lissafi kan zauna da masu ƙididdigar kasada, mutanen da ke hasashen nawa jinyar mutum dubu masu shekara 75 za ta ci baɗi. Sana'a ce da ake shafe shekaru ana rubuta jarrabawarta. Ɗalibin kwamfuta kan shiga sashen manhaja da tace bayanai. Akwai masu karatun harhaɗa magunguna, da na kuɗi, da na talla, da na shari'a. Ana haɗa kowa da wani babba mai yi masa jagora, a ba shi aiki guda da zai kammala, a ƙarshe ya tsaya gaban shugabanni ya bayyana abin da ya gano. Ni dai ban ga aibu a wannan ba. Dama ce ta gaske, musamman ga ɗan talaka da ba zai iya yin wata uku yana aiki kyauta ba.

Abin da ke damuna a wani wuri yake.

Darasin farko da ake koya wa duk wanda ya shiga irin wannan ofishi shi ne tsare sirrin majinyaci, bisa dokar HIPAA ta 1996. Doka ce mai kyau, kuma ana hukunta wanda ya karya ta. Sau da yawa kafin a miƙa bayanai ga mai nazari sai an share duk abin da zai iya tona asirin mai su. Wata hanya da doka ta amince da ita ta lissafa abubuwa 18 da za a cire: suna, adireshi, lambar waya, hoton fuska, ranar haihuwa da sauransu. Hatta shekaru, idan mutum ya wuce 89, ba a rubuta ainihinsu, sai a haɗe shi da duk 'yan 90 zuwa sama, don irin waɗannan ba su da yawa, ana iya gane su. Sakamakon shi ne yaron nan zai buɗe kwamfutarsa da safe ya tarar da layi dubu ɗari, kowane layi lamba ce, da shekaru, da lambar cuta, da adadin dala. Dokar da ta rufa wa tsohuwa asiri ita ce kuma ta ɓoye wa yaron fuskarta. Zai iya yin mako 12 cif, ya samu yabo, ya koma makaranta, bai taɓa jin muryar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya yi ta lissafawa ba.

Bari mu ɗauki layi ɗaya mu duba abin da zai iya kasancewa a bayansa. Mu ce tsohuwa ce mai shekara 82, ita kaɗai a gida. Kada wannan ya ba ku mamaki: a Amurka sama da ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura 65 su kaɗai suke zaune. Ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye. An yi mata aiki a asibiti, likita ya ce kafin ta koma gida sai ta yi makonni a gidan jinya ana yi mata gashi, ana koya mata takawa da sandar dogarawa. Sai dai a tsarin da take ciki gidan jinyar ba ya karɓarta sai kamfanin inshora ya sahale. Aka sahale. Bayan kwanaki, ranar wata Alhamis, aka miƙo mata takarda a kan gado cewa daga ƙarshen mako kamfani zai daina biya. Har yanzu ba ta iya tashi daga kujera sai an kama ta. Gidanta kuma akwai matakala kafin a kai ƙofa. Takardar ta ce tana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, ga lambar waya. Tabaronta na gida, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, 'yarta na wata jiha mai nisa tana aiki. Idan ta daure ta kira, na'ura ce za ta fara amsawa, ta ce a danna ɗaya, a danna biyu.

A kwamfutar ɗan koyon aiki, duk wannan zai fito ne a matsayin raguwar kwanakin jinya, kuma a jadawalin da zai nuna wa shugabanni, raguwa nasara ce.

Misali na kawo, amma alƙaluman da ke bayansa na gaske ne. A Afrilun 2022 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiyar Amurka ya fitar da rahoto bayan ya duba buƙatun da manyan kamfanonin Medicare Advantage suka ƙi amincewa da su. Ya gano cewa kashi 13 cikin 100 sun cika dukkan sharuɗɗan Medicare, wato da a tsohon tsarin gwamnati ne da an biya. Cibiyar bincike ta KFF kuma ta nuna cewa a 2023 an aika wa kamfanonin buƙatun neman izini kusan miliyan 50, an ƙi sama da miliyan 3. Cikin waɗanda aka ƙi, kusan ɗaya cikin goma ne kawai suka ɗaukaka ƙara. Waɗanda suka ɗaukaka kuwa, sama da kashi 80 cikin 100 sun yi nasara. Ku tsaya ku auna wannan da kyau, jama'a. Mafi yawan waɗanda suka ja, an ba su. Mafi yawan mutanen kuwa ba su ja ba, don masu ƙarfin ja ba su ne ke kwance a gado ba.

Sannan ga batun manhajar kwamfuta. A ƙarshen 2023 iyalan wasu tsofaffi sun maka UnitedHealth a kotu, daga baya aka shigar da irin wannan ƙara a kan Humana, bisa zargin cewa ana dogara da wata manhaja mai suna nH Predict wajen yanke kwanakin da majinyaci zai yi a gidan jinya. Zargi ne, kuma kotu ce mai rarrabewa. Amma a Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da Medicare ta fito ƙarara ta ce ba a yarda a yanke wa mutum jinya bisa hasashen manhaja kaɗai ba, dole a duba halin da shi kansa yake ciki. A Oktoban shekarar kuma wani kwamitin bincike na majalisar dattawa ya fitar da rahoto kan yadda manyan kamfanoni uku ke ƙin biyan irin wannan jinya ta bayan sallama daga asibiti. Su wa za su rubuta irin waɗannan manhajoji nan da shekara goma? Yaran nan ne da ke zaune yau da katin baƙo a wuya.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Neman izini kafin magani yana da dalilinsa. Akwai asibitocin da ke tsawaita kwanciya don kuɗi, akwai gwaje-gwajen da ba su da amfani, akwai 'yan damfara da ke wawure kuɗin Medicare da sunan kayan jinyar da ba a taɓa kai wa kowa ba. Sannan tsofaffi na zaɓar waɗannan kamfanoni ne don suna samun abin da tsohon tsari ba ya bayarwa: duba haƙori, tabarau, na'urar ji, da kuma iyaka kan abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a shekara. Ma'aikaciyar jinyar da ta shiga gidan tsoho ta lura da tabarmar da za ta iya kayar da shi, ko ta tarar yana shan magunguna biyu masu karo da juna, ta yi aikin lada, kuma kamfanin ne ya aiko ta. Cikin waɗannan ofisoshi akwai mutane masu tausayi da yawa. Abin tambaya shi ne, wanne daga cikin fuskokin biyu za a nuna wa sabon shiga, kuma wanne zai ɗauka shi ne aikin?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da mutum ya ga ana yaba wa a ofishinsa na farko, shi yake ɗauka ma'auni. Don haka a ganina duk kamfanin da ke cin abinci da lafiyar tsofaffi, wajibi ne ya cike giɓin da dokar sirri ta bari, kuma akwai hanyoyin yin haka ba tare da an karya ta ba. A zaunar da kowane ɗan koyon aiki, ko ɗan lissafi ne ko ɗan kwamfuta, a sashen amsa waya na 'yan kwanaki, ya sa abin ji a kunne ya saurara, bayan an ba shi horo da izinin da ya dace. Ya ji yadda dattijo ke maimaita lambar katinsa sau uku, ya ji matar da ta kira a kan magani amma ta ƙi ajiye waya don tun safe ba ta yi magana da kowa ba. A kai shi ɗaya daga cikin asibitocin kamfanin ya wuni a ɗakin jira. Sannan a miƙa masa wasiƙar ƙin biya, a ce ya karanta ta da babbar murya, ya faɗi ko kakarsa za ta gane abin da ake nufi. Idan aikin da zai gabatar a ƙarshe ya nuna an rage kuɗi, a tambaye shi a gaban kowa: daga jikin wa aka rage, kuma me ya same shi bayan wata guda?

Wani zai ce kamfani ba gidan sadaka ba ne. Gaskiya ne, amma ko ta fuskar riba maganar ta tsaya da ƙafarta. Gwamnati na auna kowane tsari da taurari, daga 1 zuwa 5, kuma sai wanda ya kai 4 yake samun ƙarin kuɗi. Cikin abubuwan da ake aunawa akwai ko ana shan magani a kan kari, da ko majinyaci na sake komawa asibiti bayan sallama, da ƙorafe-ƙorafen jama'a, har da kiran gwaji da ake yi wa sashen amsa waya a ga ko za a samo tafinta ga wanda ba ya jin Turanci. A Oktoban 2024 Humana ya sanar cewa adadin mutanensa da ke cikin tsare-tsare masu tauraro 4 zuwa sama zai faɗo daga kashi 94 zuwa kimanin kashi 25 cikin 100. Farashin hannun jarinsa ya zube, kamfanin ya garzaya kotu, kuma cikin abin da ya yi jayayya a kai har da yadda aka auna wasu daga cikin kiraye-kirayen gwajin. Ashe teburin amsa waya, wanda ɗalibi mai ji da kansa zai iya rainawa, yana iya girgiza kamfani mai juya biliyoyin daloli.

Dokokin ma suna ta sauyawa, kuma wanda ya shiga yanzu zai tarar da su. A 2025 an ƙayyade abin da tsoho zai kashe daga aljihunsa kan magungunan da tsarinsa ke biya a dala 2,000 a shekara. Daga 2026 kuma dole kamfani ya ba da amsar neman izini cikin sa'a 72 idan na gaggawa ne, ko kwana 7 idan ba na gaggawa ba ne. Buƙatar ma'aikata a wannan fanni ba za ta ragu ba, don nan da 2030 ɗaya cikin kowane Amurkawa biyar zai kasance ya kai shekara 65.

A nan maganar ta taɓo mu kai tsaye. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan ɗalibai a Amurka, sun haura 20,000 a zangon karatu na 2023 zuwa 2024, kuma da yawansu kwamfuta da lissafi da fannonin lafiya suke karantawa. Dokar bizar ɗalibi ta ba su damar irin wannan aiki idan ya dace da karatunsu kuma jami'a ta sa hannu, ko da yake ba kowane kamfani ke ɗaukar baƙi ba, don haka a bincika tun da wuri. Iyayen da ke da yara a can, ku tuna musu cewa ƙofar bazara tun a kaka ake ƙwanƙwasa ta. A gida kuma, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kamfanonin HMO da hukumomin jihohi na ƙara karɓar mutane, kuma duk wanda ya taɓa zama a asibiti yana jiran a turo lambar izini kafin a taɓa mahaifinsa ya san abin da nake faɗa. Wanda ya koyo wannan sana'a a can, ko a nan, gobe shi ne zai zauna a ɗaya ƙarshen wayar.

Ga ɗalibin da Allah ya sa aka kira shi ganawar ɗaukar aiki, a ƙarshe sukan ce ko yana da tambaya. Ya yi amfani da wannan dama. Ya tambaya ko cikin makonnin nan za a bar shi ya saurari masu kira, ko ya ziyarci inda ake duba tsofaffi. Ya tambaya wa ke sake duba buƙatun da aka ƙi, kuma idan an ɗaukaka ƙara an yi nasara, ko labarin na komawa ga sashen da ya yanke hukuncin farko don a gyara. Idan mai ganawar ya amsa da misali, har ya faɗi sashen da ranar da ake kai 'yan koyon aiki, to wurin ya yi tunani a kan lamarin. Idan kuwa ya koma maganar abincin rana kyauta da yawon buɗe ido a gari, yaro ya karɓi aikin idan yana buƙata, amma a makon farko ya je wurin mai yi masa jagora ya roƙi a kai shi sashen wayar.